Ɗan naman hantar da dokta ya ɗiba, me ake yi da shi a lab?

Jama'ar Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, salamu alaikum. Da zarar dokta a asibitin Komfo Anokye na Kumasi ya ce za a ɗebi ɗan naman hanta a duba, wato biopsi, wasunmu sai su ɓace, sai dai ka gansu a tasha wajen mai maganin kwalba. Alhali abin da allurar ke ɗaukowa bai kai kaurin tsinken ashana ba, kuma sai an yi allurar kashe zafi tukuna.

Tabo ake nema. In hepataitis B ko giya ko kitse suka daɗe suna cin hanta, sai ta riƙa ɗinke ciwon da kolajin, wato abin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya huce. In ya taru da yawa hantar ta yi tauri, kuma ba ya zafi da farko, mutum na yawonsa a kasuwar Kejetia lafiya lau.

To a lab naman sai ya kwana a fomalin, ruwan maganin da ke hana shi ruɓewa, a busar da shi, a dasa shi cikin kaki, a yanka shi siriri kamar maikiron 4 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya) a ɗora kan gilashi, shi ya sa rizol ba ya fitowa yau-yau, ku daina cewa an manta da ku. Sai a rina shi don a gani a maikiroskop. Rinin farko, H&E, kolajin da nama duk ruwan hoda suke fitowa, siririn tabo na iya ɓuya. Sai a sa rinin Masson, nan fa abin kallo yake, naman hanta ya yi ja, tabon ya fito shuɗi shar, ka ga zaren ya tashi daga jijiya ɗaya ya kama wata. Akwai kuma Sirius red mai maida kolajin ja, in aka tace hasken maikiroskop ɗin zare mai kauri ya yi ruwan lemu, siriri ya yi kore.

Daga nan ake ba da makin yawan tabo, daga F0 (babu tabo) zuwa F4. F4 shi ne sirosis, tabo ya zagaye naman ya yi gudaji-gudaji. Mai F2 da ya riƙe maganinsa na hepataitis B irin su tenofovir, tabon na iya tsayawa har ya ragu.

Ba kowa ake wa biopsi ba fa, wani gwajin jini da sikan sun isa. Wanda bai san matsayinsa na hepataitis B ba ya je a gwada shi, in babu ya yi rigakafi allura 3.