Shigar Mata Siyasa a Najeriya da Gurbin Legas a Cikinta

Shigar mata siyasa a Najeriya na nufin rabon da mata ke samu a jefa ƙuri'a, tsayawa takara, shugabancin jam'iyyu da riƙe muƙaman gwamnati. Wajen zaɓe mata sun kusa rabi: a rajistar da hukumar zaɓe ta INEC ta fitar gabanin zaɓen 2023, mai ɗauke da mutum miliyan 93 da ɗoriya, kashi 47.5 cikin ɗari mata ne. Wajen rabon kujeru kuwa labarin ya sha bamban. Daga kujeru 469 na Majalisar Tarayya, abin da mata suka samu a wannan zaɓe bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, alhali tun 2006 gwamnatin tarayya ta rubuta a manufarta cewa kashi 35 take nufi. Har yau babu jihar da ta taɓa zaɓen mace gwamna.

Legas, wadda Hausawan dā ke kira Ikko, tana da gurbi na musamman a wannan tarihi. A nan mata suka fara kaɗa ƙuri'a, a nan gwamnatin tarayya ta zauna har zuwa Disambar 1991, kuma jihar ta yi mataimakan gwamna mata har shida.

Daga kasuwa aka faro

Tsarin mulkin Clifford na 1922 ne ya fara kawo zaɓe ƙasar nan, da kujeru uku a Legas da ɗaya a Kalaba. Maza kaɗai ya bai wa ƙuri'a, su ma sai masu samun fam 100 a shekara. Matan Legas ba su zauna jiran takarda ba. Ƙarfinsu yana kasuwa, kuma jagorarsu a lokacin ita ce Alimotu Pelewura, Musulma mai sayar da kifi da ke shugabantar kasuwar Ereko. Ba ta yi boko ba, amma ta haɗa kan dubban 'yan kasuwa, ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar NNDP ta Herbert Macaulay. A 1940 da Turawan mulki suka so ɗora wa mata haraji, matan suka rufe rumfuna suka yi tattaki zuwa gidan gwamnati. Hujjarsu ɗaya ce: wadda ba ta da bakin magana a majalisa, da wane dalili za a karɓi harajinta? A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu kuma sun yi fito-na-fito da tsarin ƙayyade farashin abinci, musamman garin rogo, wanda ya so ƙwace cinikin daga hannunsu.

'Yan boko ma sun yi nasu. A 1944 Oyinkan Abayomi ta kafa Jam'iyyar Matan Najeriya a Legas, tana neman ilimin 'ya'ya mata, aikin gwamnati da ƙuri'a. A zaɓen Majalisar Garin Legas na 1950 aka bai wa kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Pelewura ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Sarautar Iyaloja, wato uwar kasuwa, har yanzu tana da nauyi a siyasar jihar. Alhaja Abibatu Mogaji ta riƙe ta har rasuwarta a 2013, kuma babu ɗan takarar da ke wasa da rumfunan Balogun ko na Mile 12.

Sauran Kudu ya biyo baya a shekarun 1950, bayan boren matan Aba na 1929 da gwagwarmayar Funmilayo Ransome-Kuti a Abeokuta, wadda ta sa Alake, sarkin garin, ya sauka daga karaga na wani lokaci a 1949. A zaɓen tarayya na 1959 duk matan Kudu sun samu damar zaɓe. A 1960 Wuraola Esan ta zama mace ta farko a Majalisar Dattawa, ta hanyar naɗi.

Jiran da matan Arewa suka yi

A Jihar Arewa jam'iyyar NPC mai mulki ta ƙi bai wa mata ƙuri'a, tana cewa lokaci bai yi ba. NEPU ta Malam Aminu Kano ce ta sa batun a gaba, kuma wadda ta fi kowa ɗanɗana kuɗarsa ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Ta shiga jam'iyyar tana da ƙuruciya, ta jagoranci reshen mata, ta sha duka da ɗauri sau da dama saboda ta hau mumbari ta yi magana a gaban maza. Ta je har Abeokuta don ganawa da Funmilayo Ransome-Kuti. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, ƙarƙashin gwamnatin soja ta Janar Obasanjo da ke Barikin Dodan a Legas, matan Arewa suka fara shiga layin zaɓe, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da hakan. Ke nan akwai shekarun da Bahaushiya mai zaune a Obalende doka ta ba ta ƙuri'a, 'yar uwarta ta ciki ɗaya a Kano kuwa ba ta da ita. Wannan tazarar ta shekara ashirin da wani abu ba ƙaramin giɓi ba ce, domin a cikinta ne jam'iyyu suka kafu, gidajen siyasa suka yi jijiya, duk babu mata a ciki.

Manufofin gwamnatin tarayya

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 1985, da yarjejeniyar Maputo ta Tarayyar Afirka kan haƙƙin mata a 2004. Sai dai sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kuma ba a yi wa waɗannan biyun haka ba. A cikin gida, shirin Maryam Babangida na inganta rayuwar matan karkara ya fara a 1987, aka kafa Hukumar Mata ta Ƙasa a 1989, ta zama cikakkiyar ma'aikata a 1995, shekarar da aka yi babban taron mata na Beijing. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ce ta kawo kashi 35, aka sabunta ta a 2021. INEC ma ta fitar da tata a 2014.

A nan gizo ke saƙar: manufa ba doka ba ce. Babu hukuncin da ke kan shugaban ƙasa ko gwamna ko jam'iyya idan sun tsallake ta. Shi ya sa wasu ƙungiyoyin mata suka kai ƙara, kuma a ranar 6 ga Afrilu, 2022, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta cika kashi 35 a naɗe-naɗenta. Majalisar ministocin da aka kafa a 2023 ba ta kai wannan adadi ba. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, mai addini da al'ada irin namu, tun shekarar 2000 ta yi dokar kaso, ta fara da kashi 10 a kujerun zaɓe, ta ɗaga zuwa 25 a 2019. Senegal ta yi dokar raba jerin 'yan takara daidai tsakanin maza da mata a 2010. Wannan ya isa ya nuna cewa ba Musulunci ne ya tare hanya ba.

Ƙudirorin da suka sha ƙasa

A 1999 mata uku ne a Majalisar Dattawa mai kujeru 109. Adadin ya kai tara a 2007, shekarar da Patricia Etteh ta zama kakakin Majalisar Wakilai na 'yan watanni. Daga nan aka riƙa komawa baya. A 2023 uku aka rantsar, Ireti Kingibe daga Abuja, Ipalibo Banigo daga Ribas da Idiat Adebule daga Legas ta Yamma, kafin kotu ta ba Natasha Akpoti-Uduaghan kujerar Kogi ta Tsakiya su zama huɗu. A Majalisar Wakilai mai kujeru 360 ba su kai 20 ba.

A Maris na 2016 dattawa suka yi watsi da ƙudirin daidaita damarmaki da Sanata Biodun Olujimi ta gabatar. Sanatoci Musulmi da Kirista sun soke shi, Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ma ya fito ya ƙi sashen da ya taɓa rabon gado. Cusa maganar gado, wadda Alƙur'ani ya riga ya yanke wa Musulmi, cikin ƙudiri ɗaya da maganar aiki da wakilci kuskure ne da ya ja wa sauran sassan faɗuwa, domin ya ba masu adawa sandar da suke nema.

Ranar 1 ga Maris, 2022, lokacin gyaran tsarin mulki, majalisa ta kayar da ƙudirori biyar a zama ɗaya: na ƙarin kujeru 111 na mata zalla, na kason mata a shugabancin jam'iyyu, na kasonsu a muƙaman minista da kwamishina, na bai wa mijin 'yar Najeriya ɗan wata ƙasa damar zama ɗan ƙasa, da na ɗaukar matar aure a matsayin 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Majalisar Wakilai ta janye matsayinta a kan uku daga ciki, amma wa'adin majalisar ya ƙare ba a kai ko'ina ba. A 2024 wani sabon ƙudiri na mataimakin kakaki Benjamin Kalu ya tsallake karatu na biyu, yana neman ƙarin kujera ɗaya ta mace a Dattawa da ɗaya a Wakilai daga kowace jiha da Abuja, da uku a kowace majalisar jiha. Irin wannan gyara yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu, da amincewar majalisun jihohi 24.

Jihar mataimaka

Alhaja Lateefat Okunnu, wadda ta taɓa zama Amirar ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN ta ƙasa, ta zama mataimakiyar gwamnan Legas ta hanyar naɗin soja a 1990. Sinatu Ojikutu ta biyo ta a 1992 ta hanyar zaɓe, sai Kofoworola Bucknor-Akerele a 1999, Sarah Sosan a 2007, Adejoke Orelope-Adefulire a 2011 da Idiat Adebule a 2015. Oluremi Tinubu ta yi shekara 12 tana wakiltar Legas ta Tsakiya a Dattawa, Abike Dabiri-Erewa ma ta yi 12 tana wakiltar Ikorodu a Wakilai. Jihar ta yi dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida tun 2007, shekara takwas kafin dokar tarayya ta 2015.

Duk da haka, cikin mataimakan gwamnan nan mata shida babu wadda jam'iyya mai mulki ta ɗaga zuwa takarar gwamna. Abin da ya faru a majalisar jiha ya ƙara fito da lamarin fili. Ranar 13 ga Janairu, 2025, 'yan majalisa suka tsige kakaki Mudashiru Obasa suka zaɓi Mojisola Meranda, mace ta farko da ta zama kakaki a Legas. Ranar 3 ga Maris ta sauka bayan manyan jam'iyya sun yi sulhu, ta koma kujerarta ta mataimakiyar kakaki. Kwana 49 ta yi. Virginia Etiaba ta Anambra, mace ɗaya tilo da ta taɓa zama gwamna, ita ma daga mataimakiya ta hau a 2006 bayan tsige Peter Obi, ta sauka bayan wata uku da kotu ta mayar da shi. Aisha Jummai Alhassan, Mama Taraba, a 2015 da Aishatu Binani a Adamawa a 2023 sun kusa, ba su kai ba.

Inda ake tare su

Yawanci ba ranar zaɓe ake kayar da mace ba, tun a zaɓen fidda gwani ne. A 2022 APC ta sa fom ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, na sanata miliyan 20, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10. An yafe wa mata kaso mafi girma na kuɗin, amma fom shi ne mafi araha a hidimar. A lokacin daliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, su ne ke cin dukiya. Ga ubangida da sai ya sa hannu, ga tarurrukan da ake yanke magana da tsakar dare, lokacin da matar aure ba za ta fita ba tare da an yi da ita ba. A shugabancin jam'iyya kujerar da aka saba bar mata ita ce ta shugabar mata, aikinta tara jama'a, raba anko da cika filin gangami. Ga kuma 'yan daba. A Nuwambar 2019 an ƙone Salome Abuh, shugabar matan PDP ta wata mazaɓa a Kogi, a cikin gidanta. A zaɓen 2023 a Surulere an ji wa wata mata rauni a fuska a rumfar zaɓe, ta je aka ɗaure mata ciwon ta dawo ta jefa ƙuri'arta.

Matan Hausawa mazauna Legas

Hausawa sun daɗe a Agege, inda cinikin goro da layin dogo suka kafa zango, haka a Idi-Araba, Obalende, Mile 12 da Alaba Rago. Akwai matan da a nan aka haifi iyayensu, suna jin Yarbanci kamar Hausa, suna sayar da abinci, suna adashi, suna tafiyar da makarantun Islamiyya. Lokacin kamfe ana nemansu ta hannun Sarkin Hausawa ko reshen 'yan Arewa na jam'iyya, domin Legas ce ta fi kowace jiha yawan masu rajista, sama da miliyan 7 a 2023.

Tsarin mulki bai ce sai ɗan asalin jiha zai tsaya takarar majalisa ba. Sharuɗɗan su ne zama ɗan ƙasa, shekara 25 ga majalisar jiha da ta wakilai tun bayan gyaran 2018, ilimi daidai da sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da mutum. A aikace kuwa takardar shaidar asali da tambayar "'yar ina ce?" su ke aiki. Bahaushiyar Agege a Legas baƙuwa ce, idan ta koma Katsina ko Sakkwato a ce ba a san ta a mazaɓa ba, idan kuma ta auri ɗan wata jiha sai kowane ɓangare ya tura ta ɗayan. Ƙudirin asalin matar aure da aka kayar a 2022 da ya warware mata ƙulli ɗaya daga ciki. Sharaɗin sakandare shi ma yana cire waɗanda aka aurar kafin su gama makaranta. Wasu kuma katin zaɓensu na gida ne, ko dai su yi tafiyar kwana guda a mota ko su haƙura, duk da cewa INEC na ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune. Matakin da ya fi kusa da su shi ne kujerar kansila a ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 na jihar, wanda hukumar zaɓen jiha ke gudanarwa, kuma a mazaɓun Agege da Idi-Araba ƙuri'un Hausawa na da yawan da za a zauna a yi ciniki da jam'iyya a kansu.