Koyar da yaƙe-yaƙen Kanada a aji: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Da watan Nuwamba ya gabato, mutane suka fara maƙala jar fulawar nan ta tuna matattun yaƙi a ƙirji, sai tambayoyi su yi ta zuwa mini daga iyaye da sababbin malamai 'yan'uwanmu mazauna lardin Ontario na Kanada. Tambayoyin ba sa canzawa. Ga su nan wuri guda, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Wai Kanada ta taɓa yaƙi kuwa?

Ta yi mana. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye mata mutum fiye da 60,000, na Biyu kimanin 45,000, na Koriya 516, a Afganistan kuma soja 158.

Dole ne yarona ya ɗauki darasin?

A Ontario, e. Tarihin Kanada tun daga 1914 yana cikin darussan dole na aji 10, ba a ba da takardar kammala sakandare sai da shi. A daina tambayata ko za a iya musanya shi da lissafi.

Me ya kai ta cikin yaƙin Turawa?

A 1914 ba a ma tambaye ta ba. Birtaniya ta ɗaura yaƙi da Jamus ranar 4 ga Agusta, Kanada kuwa harkokinta na waje a hannun Landan suke, sai ta wayi gari a ciki, kamar dai yadda aka kwashi kakanninmu zuwa Boma daga baya. A 1939 abin ya sha bamban: dokar Westminster ta 1931 ta riga ta sakar mata mara, majalisarta ta zauna, ta shelanta yaƙi ranar 10 ga Satumba, mako guda bayan Birtaniya. Malam, ka rubuta ranakun biyu a allo ka bar yara su gano dalilin jinkirin da kansu.

Idan na koyar da Vimy sosai, ai ya wadatar ko?

Bai wadatar ba, kuma wannan lalaci ne. Gaskiya ne a watan Afrilun 1917 rundunonin Kanada huɗu suka haɗu karo na farko suka ƙwace tudun Vimy a Faransa, mutum 3,598 suka rasu. Amma a shekarar ce aka kafa dokar ɗaukar soja dole, wadda ta raba masu jin Turanci da masu jin Faransanci, har sojoji suka buɗe wuta a birnin Quebec a 1918 suka kashe mutum huɗu. Haka a yaƙi na biyu. Kowa na son ba da labarin saukar sojojin Kanada a gaɓar Juno ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944 da 'yantar da Holan. Ina harin Dieppe a gaɓar Faransa, inda aka kashe 'yan Kanada 907 a yini ɗaya a Agustan 1942? Ina 'yan asalin Japan kimanin 22,000 da aka kora daga gidajensu a wannan shekarar, aka sayar da dukiyarsu, ba a ba su haƙuri ba sai 1988?

Amma ai ƙasar kiyaye zaman lafiya ce?

Da gaskiya a ciki. A rikicin mashigin Suwez na 1956, ministan harkokin wajen Kanada na lokacin, Lester Pearson, shi ne ya kawo shawarar tura rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin masu faɗa, ya sami kyautar Nobel a 1957. Sojojinta sun je Kongo a 1960, inda na Najeriya ma suka yi aiki, sun je Saifurus daga 1964. Sai dai wanda ya tsaya nan ya ba yara rabin labari. A Ruwanda, Janar Roméo Dallaire, ɗan Kanada da ke jagorantar rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya aika gargaɗi hedikwata tun Janairun 1994, aka hana shi taɓa rumbunan makamai, da kisan ƙare dangi ya fara aka zaftare masa runduna, mutum wajen 800,000 suka halaka cikin kwana ɗari. Ga kuma Somaliya.

A ajina akwai 'yar Somaliya, akwai ɗan Afganistan, akwai wanda mahaifinsa soja ne. Ta yaya zan taɓo waɗannan?

To, wannan ita ce tambaya, kuma amsarta ta danganta da ajinka. Abin da ya faru dai ba ya ɓoyuwa: a watan Maris 1993, a garin Beledweyne na Somaliya, sojojin rundunar laima ta Kanada sun kama wani yaro mai shekara 16, Shidane Arone, suka azabtar da shi har ya mutu, suka ɗauki hotuna. An rushe rundunar a 1995, an kafa kwamitin bincike, gwamnati ta katse masa aiki kafin ya kai ƙarshe. Tsallake wannan ba mafita ba ce, domin yarinyar nan wataƙila ta ji shi a gida tun tana ƙarama, kuma shirunka ma magana ce a wurinta.

Ni dai abin da nake yi, kuma ban ce shi kaɗai ne daidai ba, shi ne in sanar da aji kwana biyu kafin darasin, in kuma keɓe da yaran da abin ya shafa in gaya musu abin da ke tafe. Wani zai ce yana son yin magana, wani zai roƙi kada a ko kalle shi. Ka bi abin da suka zaɓa. Babban kuskure shi ne ka juya ka ce, "Ke da kike 'yar can, gaya mana." Ba jakadiyar ƙasarta ba ce, ɗaliba ce. Ɗan sojan ma haka, bai zo kare rundunar tsaro ba, kuma mai yiwuwa ubansa ya dawo daga Kandahar ta Afganistan da ciwon da ba a gani.

Hotunan kuwa, ba na nuna su a aji 10. Wasu abokan aikina suna nunawa ga manyan ɗalibai, suna da hujjarsu, ban ce sun yi laifi ba. Na fi son a karanta gajeren yanki daga rahoton binciken, sannan a tambaya: wa ya ba da umarni, wa ya ji ihu ya yi shiru, wa ya tona? Nan yara za su ga cewa likitan soja na cikin waɗanda suka fallasa abin da ke faruwa a can, sai zancen ya tashi daga "su" da "mu". Afganistan ta fi wuya, don raunin ɗanye ne: sojoji fiye da 40,000 sun yi aiki can tsakanin 2001 da 2014, Taliban ta dawo a 2021, kuma ɗaliban biyu na iya jin an ci amanarsu, kowa ta fuskarsa. Idan muhawara ta yi zafi, tsayar da ita ka sa kowa ya rubuta. Idan ka ga ajin bai natsu ba, ɗaga darasin mako guda, ba abin kunya ba ne. Ka sanar da shugaban sashe tun da wuri, ko don ranar da wani uba zai bugo waya.

Baƙaƙe da 'yan asalin ƙasa sun yi yaƙin?

Sun yi. Da farko an yi ta korar baƙaƙe daga wuraren ɗaukar soja, sai a 1916 aka kafa musu bataliyar gine-gine ta biyu, gwamnati ta nemi gafara a 2022. Francis Pegahmagabow na cikin 'yan asalin ƙasa da suka fi samun lambar yabo, ya dawo gida yana ƙarƙashin ikon jami'in gwamnati. Mafi yawan mutanensa ba su sami cikakken 'yancin zaɓen tarayya ba sai 1960.

Dole ne 'yata ta maƙala jar fulawar ranar 11 ga Nuwamba?

Ba dole ba ne, Hajiya, kwantar da hankalinki. Alamar tuna matattun yaƙi ce, ba ibada ba. Ta dai yi shiru na minti biyun tare da kowa.

Kanada ta shiga mamayar Iraƙi a 2003?

A'a. Firaministan lokacin, Jean Chrétien, ya ƙi, don Kwamitin Sulhu bai amince ba. Yara kan rikita ta da Afganistan a jarrabawa, a raba musu su tun a aji.