Inna, karɓi wayarki kafin ki kwanta

A 'yan watannin nan an sha kawo mini yara a asibitinmu da ke Jega, ciwon kai, ido ja wur, yaro na gyangyaɗi a makarantar allo da ta boko. A gwada maleriya, babu. Sai in tambayi uwar ko wayar wa yake riƙewa da dare. Tata ce. Ta miƙa masa don ya bar ta ta huta, barci ya kwashe ta, shi ko ya kai asuba ido biyu. Wani ɗan shekara 11, yayarsa ce ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da ta kama shi yana kallo. Bakina ba zai iya maimaitawa ba.

Wani mahaifi, malamin makaranta ne ma, ya ce da ni laifin masu intanet ne, da sun ware wa shafukan batsa unguwarsu daban da gwamnati ta garƙame ƙofar an huta. Malam, ai an yi wannan tuni. A 2011 hukumar ICANN da ke Amurka, mai kula da adireshin shafuka, ta amince da adireshi mai ƙarewa da .xxx don masu wannan ƙazamar sana'a. To amma ba a tilasta wa kowa tarewa can ba. Manyansu suka yi zamansu a .com, wasu suka sayi sabon suka haɗa biyu. Da yawansu ma sun ƙi tsarin tun farko, don gudun kada a toshe su rana ɗaya.

A ce ma duk sun tare can ɗin. Ɗanka rubuta adireshi yake yi? A guruf ɗin WhatsApp ake jefo masa, ko Telegram. Aboki ya tura masa ta Xender a bayan masallaci, ko data ba a buƙata. Ko ya kai memori shagon masu tura finafinai a loda masa waƙa, a haɗo da abin da ba ka aike shi ba. Wace ƙofa gwamnati za ta rufe a nan?

Na san gajiya, ni ma uwa ce, na san yaro mai naci. Amma wallahi abin yana ci mini rai. Ba ki yarda ya kwana gidan maƙwabta, ga shi kin bar shi ya kwana da waya cikin bargo! Kai kuma maigida, ka canja waya ka miƙa wa yaro tsohuwar ba ka goge komai ba, da me kake tsammani?

Ku yi wannan tun yau: daga isha'i kowace waya ta koma hannun babba, a yi caji a ɗakin uba. A sa mabuɗin da yaro bai sani ba. In zai yi kallo, a tsakar gida kan tabarma, inda kowa ke gani. Ku nemi mai ilimin waya ya kunna muku SafeSearch da Family Link, tsare-tsaren Google na tace batsa da sa ido kan wayar yara, suna ragewa, amma ba sa tare abin da aka turo ta Xender.

In kun kama shi, don Allah a ajiye bulala. Dukan yana koya masa ɓoyewa ne kawai. A tambaye shi wa ya tura masa, domin in babba ne ke tura wa yaro irin wannan, maganar ta wuce gida, sai a je ga hukuma. In ba ya barci ko ya daina cin abinci, ku kawo mini shi da safe, mu yi magana ba a gaban mutane ba.