Barnack Hills and Holes

Barnack Hills and Holes wani tsohon wurin fasa dutse ne a gefen ƙauyen Barnack, kusa da garin Stamford a gabashin Ingila, faɗinsa kimanin hekta 23 ne. Sunan ya samo asali ne daga yanayin wurin, tudu nan rami can, wato tarkacen da masu haƙa suka bari ciyawa ta rufe.

Tarihi

Dutsen wurin na farar ƙasa ne, kuma tun zamanin Rumawa ake haƙarsa, amma a tsakiyar zamani, wato ƙarnukan da suka biyo bayan Rumawa, ne kasuwarsa ta buɗe sosai, don da shi aka gina manyan majami'un Peterborough da Ely, har da gidajen 'yan zuhudu na Ramsey da Crowland da Bury St Edmunds. Ana jan duwatsun ne zuwa bakin kogi a loda a jiragen ruwa, tunda yawancin yankin da ake kai su fadama ce, kuma ɗaukar irin wannan nauyi ya fi sauƙi ta ruwa. Ikon wurin yana hannun 'yan zuhudun Peterborough, su kuma na Ramsey sai da suka riƙa biyan su wani dogon kifi mai siffar maciji guda 4,000 duk shekara kafin a bar su su ɗebi dutse, kifin da yake a lokacin kamar kuɗi ne a yankin. Wajajen shekarar 1500 dutse mai kyau ya ƙare, aka watse.

Tsirrai da ƙwari

Ƙasar ba ta da taki kuma garma ba ta iya shiga saboda ramuka, shi ya sa tsirrai sama da 300 suka samu wurin zama. Wanda aka fi zuwa kallo shi ne furen Ista mai launin shunayya, yana fitowa a Afrilu zuwa Mayu, kuma wurare kaɗan ne suka rage da shi a Ingila. Akwai furannin okid kala-kala, da malam-buɗe-littafi, da ƙwaro mai haske da dare.

Kariya

Bayan an daina kiwo, wai a shekarun 1930, sai sarƙaƙiya ta fara cinye wurin. A 1976 aka mai da shi gandun kare halittu na ƙasa, aka sare itatuwa, aka dawo da tumaki suna kiwo da kaka. Hukumar Natural England, mai kula da muhalli a Ingila, ce ke kula da shi.