Tsuntsun shinkafa da ƙaton kifin Mekong: rabe-rabe da matsayin kariya

Emberiza aureola ƙaramin tsuntsu ne mai waƙa, mai rawayar ƙirji, wanda a ƙasar Sin ake kira tsuntsun shinkafa. Urogymnus polylepis kuwa kifi ne mai faɗi kamar faifai, mai doguwar wutsiya da ƙaya mai dafi, da ke zaune a manyan kogunan kudu maso gabashin Asiya. Dukkansu suna cikin jerin halittun da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta ce suna fuskantar ƙarewa.

Rabe-rabe

Dangantakarsu ta tsaya ne a kan cewa duka biyun suna da ƙashin baya. Tsuntsun yana cikin rukunin Passeriformes, dangin Emberizidae, kuma masanin halittu Peter Simon Pallas ne ya siffanta shi a 1773.

Tarihin sunan kifin ya fi tsawo. Tsarin jikinsa, har da ƙashin bayan, na guringuntsi ne, ba ƙashi na ainihi ba, shi ya sa aka haɗa shi aji ɗaya da kifin shak, amma danginsa shi ne Dasyatidae. Masanin kifaye Pieter Bleeker ya siffanta shi a 1852, amma aka yi shekaru ba a waiwayi bayanin ba, har aka sake raɗa masa suna Himantura chaophraya a 1990. Daga baya aka gano kifi ɗaya ne, kuma a 2016 aka mayar da shi jinsin Urogymnus.

Matsayin kariya

Abin takaici, tsuntsun da a da ake ganinsa garke-garke daga Finlan har Japan shi ne ya fi kusa da ƙarewa. Kafin 2004 ba a ɗauke shi cikin masu matsala ba. Daga nan aka yi ta ɗaga matsayinsa, a 2008 da 2013, har a 2017 ya kai matakin matsanancin haɗari. Ana kiyasin ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari tun wajen 1980, galibi saboda kama shi da raga don ci a lokacin ƙaura, duk da haramcin da Sin ta sa a 1997. IUCN tana duba saurin raguwa ne, ba yawan da ya saura kaɗai ba.

Kifin yana mataki ɗaya ƙasa da haka. Kamun kifi, madatsun ruwa da gurɓatar koguna ne ke cutar da shi, ga shi ba ya haihuwa da yawa. A watan Yunin 2022 an kama wata mace mai nauyin kilo 300 a Kogin Mekong a Kambodiya, aka maƙala mata na'urar bibiya, aka sake ta.