Shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa wajen samun izinin ganin sirrin gwamnatin Amurka

A Amurka duk wanda aikinsa zai kai shi ga takardun sirri, soja ne ko ma'aikacin gwamnati ko ɗan kwangila, sai an tantance shi tukuna kafin a ba shi izini. Fom ɗin da ake cikewa sunansa SF-86, dogo ne sosai, har gidajen da mutum ya zauna shekara 10 baya sai ya lissafo su. Ƙa'idojin da masu tantancewa ke bi guda 13 ne, suna cikin wata takarda mai suna SEAD 4 da ta fara aiki a 2017, kuma giya da ƙwaya da lafiyar ƙwaƙwalwa kowanne da nasa babin.

Maganar ƙwaya ita ce mai zafi. Sashe na 23 na fom ɗin yana tambaya ko ka sha haramtacciyar ƙwaya cikin shekara 7 da suka wuce, har da maganin asibiti in an sha shi ba yadda likita ya ce ba. Wiwi ya fi rikita matasa, don jihohi irin su Kalifoniya da Kolorado sun halatta shi amma a dokar tarayya haramun ne, izinin kuwa na tarayya ne. Tun 2008 akwai dokar da ta hana a bai wa wanda yake kan sha yanzu izinin. Wanda ya sha a baya ya daina kuwa ana duba yaushe rabonsa da ita, sau nawa, ya rabu da abokan shan ko suna nan tare, wani ma yakan sa hannu a takarda cewa in ya koma a ƙwace izinin. Giya ba haramun ba ce a can, abin da ake dubawa shi ne tuƙi cikin maye ko zuwa aiki a buge.

Ɓangaren ƙwaƙwalwa ne abin tausayi, sojoji da yawa sun dawo daga Iraƙi da Afganistan ba sa iya barci amma suna gudun likita don tsoron kada aiki ya tafi. Alhali tun 1995 umarnin shugaba Bill Clinton ya ce ganin likitan ƙwaƙwalwa kaɗai ba hujja ba ne a kan mutum, a 2008 kuma sakataren tsaro Robert Gates ya sassauta tambaya ta 21 ta fom ɗin, wadda ta shafi lafiyar ƙwaƙwalwa, saboda irin waɗannan sojojin. Yanzu abin da take nema shi ne ko kotu ta taɓa tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko an kwantar da kai, ko likita ya tabbatar da wasu cututtuka masu nauyi, kuma ko da hakan ne wanda yake shan maganinsa yana bin likita yana iya samu.

Ɓoyewa ce ke kayar da mutane, domin wanda yake da abin ɓoyewa maƙiyi na iya riƙe shi da shi. Masu bincike suna zuwa wurin maƙwabta da tsofaffin abokan aiki, ƙarya a fom ɗin kuma laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari har shekara 5.