Waiwaye: Yadda Kachala Ta Mamaye Fadamar Haɗeja da Nguru

Kafin a gina manyan madatsun ruwa a jihar Kano, kogin Haɗeja yana da lokacin cika da lokacin janyewa. Da damina yakan tumbatsa ya malale fadamun Haɗeja, Guri, Kirikasamma da Nguru, da rani kuma ya ja baya ya bar danshi da laka mai albarka, inda manoma ke shuka shinkafa da wake, masunta su yi su, makiyaya kuma su sami ciyawa. Bushewar nan ta rani ita ce ke hana kachala, wata doguwar ciyawar ruwa, sakewa, domin tsiro ne da ba ya jure rashin ruwa na tsawon watanni.

An kammala madatsar Tiga a shekarar 1974, ta Challawa kuma a 1992, don noman rani da samar wa birnin Kano ruwan sha. Daga nan tsarin kogin ya sauya: ambaliyar damina ta ragu, ruwa kaɗan-kaɗan kuma ya riƙa gudana har cikin bazara, ya kwanta a magudanai bai bushe ba. Abin da kachala ke so ke nan. Ta yi saiwa, ta tare laka, lakar ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zama wasu garuruwa ruwa ya cinye musu gonaki yayin da na ƙasa da su, wajen Gashuwa, suke kukan ƙarancinsa. Cikin duhuwarta tsuntsayen jan-baki suka sami mafaka suna far wa gero da shinkafa, sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya suka yawaita, jiragen masunta kuma suka rasa hanya.

Abin takaicin shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka kafin hukuma ta motsa. Shekara da shekaru mutanen ƙauyuka ne ke fita aikin gayya da lauje da adda, su sare ta a cikin ruwa har ƙirji, ta sake tohowa bayan 'yan makonni. Sai a 2006 jihohi shida da ke cin moriyar kogunan yankin, wato Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Borno da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa tare da gwamnatin tarayya don kula da kogunan. A 2013 aka fitar da ƙa'idojin hana yaɗuwar tsirrai da dabbobi masu mamaya a ƙarƙashin hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, kusan shekara 40 bayan Tiga. Aka kuma shigo da shirin inganta noman rani na Bankin Duniya mai suna TRIMING a 2014, daga baya gwamnatin Jigawa ta sayo injinan haƙa masu aiki a kan ruwa.

A ganina, dokokin sun fi mayar da hankali ga abin da ke shigowa ta kan iyaka, alhali kachala a cikin gida ta yi ƙarfi, kuma daga ƙofofin madatsunmu take samun abincinta. Inji yana buɗe magudana bana, amma muddin hukumar kula da kogunan Haɗeja da Jama'are ba ta tsara sakin ruwa ta yadda fadama za ta riƙa samun lokacin bushewa ba, baɗi sai an sake turo shi wuri guda.